AYARIN MASU TAIMAKO: YIN AIKI A KAN HANYA

Jawabin da ma'aikatan sashen agaji suka yi wa wakilan ikkilisiyoyin karkara bayan girbi

  Mun san waɗansunku tun asuba suka fito, waɗansu kuma sun baro hatsi a masussuka ba a gama sheƙewa ba. Ubangiji ya sāka muku da alheri.

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar hannuwan aiki. Duk lokacin da ambaliya ko gobara ko tashin hankali ya faɗa wa wani ƙauye, kayan agaji sukan iso a makonnin farko: masara, barguna, tabarmi da magunguna. Bayan wata biyu motoci sun daina zuwa, sai a bar mutum da katangarsa da ta faɗi, da rijiyar da laka ta cike, da rumbun da ba jinka. Buhun masara ba ya ta da katanga, dole sai mutum ya zo da hannunsa. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. A irin waɗannan wurare aikin gyara yakan ɗauki shekaru, masu yinsa kuwa kaɗan ne.

Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba ku labarin waɗansu mutane na wata ƙasa mai nisa, waɗanda suka mai da doguwar tafiyarsu ta zama hanyar taimako. Bayan haka sai mu duba abin da Maganar Allah ta nuna mana, mu kuma kawo muku roƙonmu.

TSOFAFFI MASU JAN GIDA

Ƙasar Ostireliya ta fi Nijeriya faɗi har sau takwas, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, yawancinsu kuma a biranen bakin teku suke. Tsakiyar ƙasar fili ne mai fari, inda mutum zai yi tafiyar sa'o'i a mota bai ga gida ba. Akwai babbar hanya da ta kewaye ƙasar gaba ɗaya, tsawonta wajen kilomita 14,500.

A can akwai wata al'ada. Idan miji da mata suka yi ritaya, 'ya'ya sun girma sun tashi, sai su sayi ɗakin tafi-da-gidanka, wato ɗaki mai ƙafafun taya wanda mota ke ja, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki. Su rufe gidansu ko su ba da shi haya, su kama hanya. Waɗansu sukan yi wata uku, waɗansu shekara biyu ko fiye. Mutanen ƙasar suna yi musu laƙabi da makiyaya masu furfura, domin suna bin yanayi kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa. Lokacin sanyinsu yakan faɗo daga Yuni zuwa Agusta, sai su nufi arewa inda akwai ɗumi, in zafi ya shigo wajen Disamba su gangaro kudu.

Sunan da Turawa ke kiran wannan ɗaki da shi, da shi ne kuma suke kiran ayarin fatake. Ayari kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, da madugu da jagaba da uban dawaki, suna sauka zango zango, suna saye da sayarwa a duk inda suka yada zango. Kowa a cikin ayari da aikinsa. Haka waɗannan tsofaffi suka gane cewa doguwar tafiya ba ta yiwuwa da zaman banza. Man mota yana cin kuɗi, kuma mutumin da ya saba aiki duk rayuwarsa ba ya jin daɗin kallon hanya kawai. Sai waɗansu suka shiga yin ƙodago a gonaki, waɗansu kuma aikin sa kai.

AIKIN ƘODAGO DA HAƊARINSA

Masu neman kuɗin guzuri sukan bi girbi daga jiha zuwa jiha. Ana tsinkar mangwaro a arewacin ƙasar wajen ƙarshen shekara, inabi a yankin Mildura daga Janairu zuwa Maris, tuffa kuma a tsibirin Tasmaniya wajen Maris da Afrilu. Waɗansu sukan yi gadin gona, su ba dabbobi ruwa, su duba famfo, domin mai gonar ya sami damar zuwa asibiti ko ya huta. Akwai kuma tsarin da ake kira WWOOF, wanda ya faro a Ingila a 1971, inda matafiyi zai yi aikin sa'a huɗu zuwa shida a gona, a ba shi abinci da wurin kwana maimakon kuɗi.

Kada mu ɗauka cewa a ƙasar Turawa ba a zalunci. A 2018 hukumar gwamnatin Ostireliya mai kare haƙƙin ma'aikata ta fitar da rahoton binciken da ta yi a kan aikin girbi, ta tarar fiye da rabin wuraren da ta bincika sun karya dokar aiki. Waɗanda aka fi cuta su ne baƙi matasa da ba su san doka ba, musamman masu aikin jinga da ake biya bisa yawan kwandon da suka cika. Sai a 2022 aka kafa doka cewa ko mai aikin jinga a gonakin 'ya'yan itatuwa dole a biya shi aƙalla mafi ƙarancin ladan sa'a.

A nan muna da gargaɗi ga matasanmu. Akwai biza ta musamman da Ostireliya ke ba matasan waɗansu ƙasashe su yi yawo suna aiki, amma Nijeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen. Duk wanda ya zo ƙauye ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro irin wannan biza, kada a sayar da saniya ko gona a ba shi. A kawo maganar wurin fasto da dattawa tukuna.

WUTA TA CI SHINGE

Ranar Asabar, 7 ga Fabrairu 2009, wutar daji ta tashi a jihar Biktoriya cikin tsananin zafi da iska. Mutum 173 suka mutu, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone. A ƙasar ba a bin dabbobi da sanda yadda muke yi. Ana sakinsu ne cikin filaye masu shingen waya, gona ɗaya kuma takan kasance da shinge mai tsawon kilomitoci da yawa. In wuta ta cinye turakun shinge, dabbobin da suka tsira sai su bazu kan titi ko gonar maƙwabci, manomi kuma ba shi da halin sake kiwo sai ya ta da shingen.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani mai kiwon tumaki a Kilmore East, Kevin Butler, da matarsa Rhonda. Suka nemi taimako, mutane suka zo, aikin da zai ɗauke su watanni aka gama shi cikin mako guda. Da suka ga haka, sai suka ce maƙwabtansu ma suna bukatar irin wannan taimako. Daga nan ƙungiyar BlazeAid ta samo asali. Daga baya aikinta ya haɗa da wuraren da ambaliya da guguwa suka ɓata, kuma bayan babbar gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta ƙone gidaje fiye da 3,000, ta kafa sansanoni a jihohi da dama. Da yawa cikin masu aikin nan tsofaffin nan ne masu jan gida, domin su ne ke da lokaci, kuma sun zo da wurin kwanansu.

Muna so ku lura da yadda suke tsara sansani, gama a nan darasin yake. Sukan nemi izinin hukumar yankin, a ba su fili kamar filin wasa mai ruwa da makewayi. Manoman da ke bukatar taimako su zo su rubuta sunansu. Kowace safiya a taru, a yi bayanin kiyaye haɗari, a raba mutane ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta da kayan aikinta. Mai gona yakan yi aiki tare da su, shi ne kuma ke nuna inda shinge zai bi. Wanda ƙarfinsa bai kai ga haƙa rami ba, sai ya tsaya a sansani yana girki ko gyaran kayan aiki ko rubuta lissafi. Da yamma a ci abinci tare, kowace ƙungiya ta faɗi abin da ta yi a ranar. Ba a tambayar mutum takardar makaranta. Mai kwana biyu ya yi kwana biyu, mai wata biyu ya yi wata biyu.

Masu wannan aiki sukan ce rabin taimakon a sauraro yake. Mutumin da ya ga dabbobinsa sun ƙone yakan rasa ƙarfin zuciyar ɗaukar ko da guduma. Ranar da baƙi suka iso ƙofarsa da kayan aiki, sai ya tashi. Suna jan waya yana ba su labarin abin da ya same shi, wani lokaci labarin da bai iya faɗa wa iyalinsa ba.

IKKILISIYA TA RIGA SU A HANYA

Tun kafin a yi waɗannan ɗakunan mota, ikkilisiya tana wannan aiki a ƙasar. A 1912 wani fasto na Firesbiteriyan, John Flynn, ya fara aikin mishan domin mazauna tsakiyar ƙasar. Waɗansu daga masu bisharar farko da raƙuma suka riƙa zagaya gidajen da ke nesa da juna. Ba Littafi Mai Tsarki kaɗai suke ɗauka ba, har da magunguna da kayan gyara. A 1928 wannan mishan ta fara aikin kai likita da jirgin sama daga garin Cloncurry, aikin da ke ci gaba har yau. Hoton Flynn yana kan takardar dala 20 ta ƙasar.

Hukumar Frontier Services, ta ikkilisiyar da ta haɗa Metodis da Firesbiteriyan da Kongirigeshan a 1977, tana cikin magadan wannan aiki. Tana da shirin da ake kira Outback Links. Mai son taimako ya rubuta sunansa da sana'arsa, iyalin da ke cikin matsi su ma su sanar da bukatarsu, sai ofis ya haɗa su. Kafinta ya je ya gyara rufi, makanike ya ta da injin ruwa, wata uwa ta riƙe girki da yara domin matar gida ta je haihuwa a gari.

A Amurka ma haka ne. Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard da Linda Fuller suka kafa a 1976 domin gina wa marasa ƙarfi gidaje, tana da rukunin masu tafiya da irin waɗannan motoci. Sukan sauka wuri guda su yi kamar mako biyu suna gini, da kuɗin mansu da abincinsu, mai gidan kuma dole ya sa hannu a aikin. 'Yan'uwanmu Menonayit sun fara aikin agajin bala'i tun 1950 a jihar Kansas, su ma suna da sashen tsofaffi masu zuwa da ɗakunansu.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA NUNA

'Yan'uwa, in mun buɗe Ayyukan Manzanni za mu ga wannan hanya ce tsohuwa. Manzo Bulus matafiyi ne na shekaru. Da ya iso Koranti ya sauka gidan Akila da Bilkisu domin sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. Yana aiki da hannunsa, ran Asabar yana koyarwa a majami'a, har ya yi shekara ɗaya da rabi a garin (Ayyukan Manzanni 18). Ya tuna wa Tasalonikawa cewa bai ci abincin kowa kyauta ba, domin kada ya nauyaya musu (2 Tasalonikawa 3).

Ku duba kuma sura 27 da 28. Jirgin ruwa ya farfashe da mutum 276 a ciki, duka suka tsira zuwa tsibirin Malita, ana ruwa ana sanyi. Mutanen tsibirin suka hura musu wuta. Bulus fursuna ne, ya kuma fito daga teku a gajiye, amma ya tashi ya tattaro ƙirare ya ƙara a wutar. Cikin wata uku da suka yi a can ya yi wa marasa lafiya addu'a suka warke. Bai shirya zuwa Malita ba, amma da ya sami kansa a can bai naɗe hannu ba.

Basamariyen nan na Luka 10 shi ma kan hanyarsa yake. Yana da inda za shi. Ya tsaya, ya yi amfani da man da ruwan inabin da ke cikin kayansa, ya ɗora mai rauni a kan dabbarsa, ya biya dinari biyu a masauki, ya yi alkawarin dawowa. Bai tambayi ƙabilar mutumin ba.

ABIN DA ZA MU IYA ƊAUKA

Mun san wani zai ce, ai waɗancan suna da fansho da motoci da hanyoyi masu lafiya. Gaskiya ne. Mu hanyoyinmu da yawa ba a binsu da dare, waɗansu ko da rana sai da addu'a. Ba mu ce kowa ya sayi mota ba. Amma muna da abu biyu da su ma suke dogara a kai. Muna da lokaci, domin daga gama girbi zuwa faɗuwar ruwa akwai watanni. Mun kuma san aikin gayya tun muna yara. Kowace shekara mutanenmu suna fita cin rani, waɗansu tsofaffin malamai da ma'aikatan asibiti da sojoji kuma sun dawo gida da iliminsu suna zaune. Ga abin da muka koya daga masu wannan aiki.

Na ɗaya, a je inda aka kira. Kada ƙungiya ta tashi haka kawai ta faɗa wa ƙauye. A fara aika mutum biyu su zauna da fasto da mai gari, su ji abin da ake bukata, a kuma bar mutanen wurin su faɗi gidan da za a fara. Sau da yawa za su nuna gidan gwauruwa ko na tsoho marar ɗa.

Na biyu, a tafi da guzuri. Ƙauyen da ruwa ya cinye wa amfanin gona ba shi da abin ciyar da mutum goma sha biyar. In muka sauka hannu wofi, kunya za ta sa su yanka kazar da ta rage, mu tashi mu bar su da yunwa. Kowa ya ɗauki tabarmarsa da gidan sauro, ikkilisiyar da ta aiko su kuma ta haɗa musu gari da wake da manja.

Na uku, a yi aiki tare da mai gida. Shi ya san inda ruwa ke bi da inda ƙasar gini take da kyau. Kada kuma a ƙwace wa maginin garin abincinsa. In akwai kuɗin biyan gwani, a ba na wurin, baƙi su zama masu kwaɓa ƙasa da miƙo tubali.

Na huɗu, a ɗauki aikin da za a iya gamawa. Gara ɗaki uku da rufi da ɗaki goma da damina za ta tarar a buɗe. A yanke kwanakin da za a yi tun kafin a tashi, a faɗa wa masu masauki. Baƙo raɓa ne.

Na biyar, kada a zaɓi wanda za a taimaka bisa ga addini ko ƙabila. Ruwan da ya rushe gidan Kirista shi ne ya rushe na maƙwabcinsa Musulmi. Kada kuma a sa wa taimako sharaɗi. Wanda ya tambaye mu dalilin zuwanmu, mu faɗa masa da tawali'u.

Na shida, a kiyaye rai da suna. A yi tafiya da rana, a bi shawarar mutanen yankin game da hanya, a riƙe wasiƙar fasto mai hatimi, a kai gaisuwa wurin mai gari ranar da aka iso. Kowace ƙungiya ta kasance da madugu guda wanda ake jin maganarsa, da mai riƙe lissafi. In akwai mata a tafiyar, a shirya musu masauki dabam tare da wata uwa. Abin kunya ɗaya yakan rufe ƙofar da za a yi shekaru ba a sake buɗewa ba.

Ga masu fita cin rani kuma, muna da kalma biyu. Ku daidaita lada a gaban shaida kafin ku sa hannu a aiki, kada kuma ku ba kowa katin shaidarku ya riƙe. In kun sauka gari, ku nemi majami'a tun Lahadin farko, ku gabatar da kanku. Rana ɗaya cikin wata da za ku ba ikkilisiyar da ta karɓe ku, ko gyaran benci ne ko share rijiya, ba za ta rage muku kome ba, za ta kuma sa ku sami masu tsaya muku ranar da wani ya hana ku haƙƙinku.

ROƘONMU

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta yi abu uku kafin Kirsimati. Sakatare ya rubuta sunayen masu niyyar ba da mako ɗaya ko biyu a cikin rani, da sana'ar kowa: magini, kafinta, mai haƙa rijiya, mai ɗinki, ungozoma, malamin makaranta, mai girki. Kada tsoho ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya san yadda ake ɗaura jinka yana iya zama a inuwa yana nuna wa samari. Sa'an nan a keɓe wani abu daga baikon godiya na girbi domin guzurin waɗanda za su tafi. Ikkilisiyar da ke da bukata kuma kada ta ji nauyin faɗa, ta rubuto mana. Aikinmu a ofis shi ne mu haɗa mai bukata da mai hannu, za mu kuma fara da ƙauyukan da ke kusa da juna, waɗanda za a iya kaiwa da babur ko motar kasuwa.

A zamanin Nehemiya an gama garun Urushalima cikin kwana 52. In kun karanta sura 3 za ku ga maƙeran zinariya da masu yin turare da 'yan kasuwa da 'ya'ya mata a cikin maginan, waɗansu kuma daga Yariko da Tekowa da Gibeyon suka zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku riƙa tunawa da waɗannan cikin addu'o'inku na safe: iyalan da har yanzu ke kwana a makarantu da gidajen dangi, tsaron hanyoyinmu, matasanmu da ke shirin fita cin rani, da hikima ga waɗanda za su zama madugai.

 Ubangiji ya kai kowa gida lafiya, ya albarkaci amfanin gonarku da aikin hannuwanku. Amin.